Hular Sunana

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma da yake ni ba gwanin ba da labari da baki ba ne, na ga gara in zauna in buga shi. Amma sai na fara faɗin abin da na kwanta da shi a rai, don mafarki baƙo ne marar guzuri, abin da ya tarar a gida da shi yake tuwo.

Sunana Ɓoyi. Wankin hula ne sana'ata, shekara arba'in da ɗaya ke nan, a bayan tsohuwar kasuwar Gusau. Ban shiga aji ba sai da na haura hamsin, a makarantar yaƙi da jahilci ta yamma. Bara 'yan ƙungiyarmu ta masu wankin hula suka naɗa ni magatakarda. Ba don na fi kowa boko ba ne. In ana taro ni kaɗai ke jin abin da aka ce, sauran kowa jira yake a ja numfashi ya jefa tasa.

'Yata Larai, wadda ke aikin jinya a Zariya, ita ta kawo mini tsohuwar kwamfutarta, ta juya manhajar rubutun zuwa Hausa. Ta nuna mini cewa baƙaƙen nan namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda ni nake ce wa masu hula, ba su da maɓallin kansu. Sai an bi yanke, wato a danne maɓalli biyu ko uku tare. Na ce kaina ba zai riƙe ba. Ta ce, "Baba, ba sai ka riƙe ba, ga 'yan tuni nan." 'Yan tuni wasu ƙananan rubutu ne da ke leƙowa a gefen allo su gaya maka abin da za ka danna. Ƙanana ne ƙwarai, launin toka a kan fari, rabinsu kibau ne da zane-zane, amma dai suna nan. Ranar da ta koma na zauna ni kaɗai ina leƙa lungunan na'urar. A wani lungu na tarar na'urar ta rubuta sunana, da hularsa da komai. Na ji daɗi, na amsa mata. Da na buɗe washegari, babu 'yan tuni, ko ɗaya.

Ban gaya wa Larai ba. Mutum ba ya kiran 'yarsa daga kan marasa lafiya ya ce ya ɓatar da abin da ko riƙe shi a hannu ba a yi. Na buga rahoton taron watan jiya hakanan, kowane baƙi kai ba hula. Shugabanmu Alhaji Nomau ya miƙe ya karanta a gaban mutum talatin. "An yi wa baki maraba." Ya tsaya ya shafa leɓe. "Ranar Talata kura ta hana shanya." Ya cire tabarau ya tambaya ko akwai wanda ta ɗauke. Da ya kai ƙasan takarda ya karanta, "Magatakarda, Boyi." Tun daga ranar, in na gifta sai in ji, "Boyi, a kawo shayi." Alhaji Nomau ya ce shi ba ya son wulaƙanta dattijo, amma in takardar wannan wata ta sake zuwa kai ba hula, za a karɓi biron a ba mai takardar sakandare. Taron yau ne bayan la'asar. Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a wurin shanyarmu da hantsi. Huluna na kife a kan gungumansu, ruwa na ɗiga daga jikinsu yana yin sama. Can sama ya taru ya zama gajimare mai ƙanshin sitaci. Ban yi mamaki ba. Na dai lura cewa a haka za su fi saurin bushewa.

A tsakiyar shanyar wata kura na zaune, ta harɗe ƙafafu. Na yi mata sallama, don ban san abin da ake ce wa kura ba.

Ta amsa, sannan ta ce, "Malam, kai ne magatakarda?"

Na ce ni ne.

"To kai ka rubuto ni. Ni ƙura ce. Iska nake bi, ba ruwana da kowa, in sauka a kan hula, a kaɗe ni, in yi gaba. Wata guda ke nan ina da haƙora. Ga yunwa, ga wari, ga ɗingishi. Don Allah ka sa mini hulata in tashi."

Na ce ban san yanken ba.

"Duba tuninka mana."

Sai a lokacin na lura. A garin nan kowa na tafe da ɗan rubutu yana shawagi kusa da kunnensa kamar ƙuda. Mai son zama sai ya saci kallonsa, ya danne gwiwa da cibiya tare, sai ga shi zaune. Mai son gaisuwa ya danne haɓa da kafaɗa, gaisuwar ta zubo gaba ɗaya, har da ina gajiya da yaya iyali, ba sai ya motsa harshe ba. Wata mata ta danne kunne da ƙugu, tulun da ke kanta ya sauka da kansa ya jingina da bango. Na waiwaya kusa da nawa kunnen. Babu komai. Na so in zauna in yi tunani, ƙafafuna suka ce ba su san hanya ba.

Kurar ta ce, "Je ka Ofishin Tuni. Ka bi yanke, don in ka bi titi sai bayan la'asar. Kuma ka ɗan gaggauta. Mutane sun fara yi mini kyau."

Yanken wani siririn lungu ne a bayan shagon mai guga. Na sa ƙafar dama, lungun ya dawo da ni inda na fara. Na sa ta hagu, ya sake dawo da ni.

Kurar ta ɗaga murya daga baya. "Ba a bin yanke ƙafa ɗaya-ɗaya. Tare ake dannawa."

Na tattare riga, na haɗa ƙafafu, na yi tsalle irin na kwaɗo. Shekarata sittin da uku. Na gode Allah ba wanda ya sanni a garin.

Ofishin Tuni dogon ɗaki ne mai teburi ɗaya. Fankarsa a ƙasa take juyawa, sai an tsallake ta. A kan benci baƙaƙe uku na zaune, b da d da k, kowanne ya dafe tsakar kansa da hannu saboda kunya. Suna ganina suka miƙe.

K ya ce, "Malam, hulunanmu fa?"

Bakina ya amsa da kansa, da abin da ya saba shekara arba'in. "Ku dawo gobe, ba su bushe ba."

D ya ce, "Haka ka ce wancan watan. Jiya na je ɗaurin aure aka ce wa ya gayyaci d."

B kuwa kallona kawai ya yi. Shi ne farkon sunana, shi malaminmu ya fara kama hannuna ya zana mini a kan allo. Da ya yi magana da ya fi mini sauƙi.

A bayan teburin wata jar akuya ce, da tabarau da gyale, tana tauna wani abu a hankali.

Ta ce, "Na gaba. Baba, tuni ne ya ɓace ko gyara ake so?"

Na ce, "Duka biyun, ranki ya daɗe."

"Sai mu fara da gyara. A ofishin nan ba ma neman abu sai mun gama gyara shi."

Ta jawo aljihun tebur ta ciro wani abu ta ɗora a kan kofatonta. "Wannan shi ne na kowa da kowa."

Na sunkuya na ce ban ga komai ba.

"Ai ba don a gani aka yi shi ba, don a ce akwai ne. A ƙara girma?"

Na ce a ƙara. Ta kafa baki ta fara hurawa. Ya kai ƙwayar gero, ya kai gyaɗa, ya kai goro. Ni kuma ba na katse mutum yana cikin aiki, sai na yi shiru ina jira ta tambaye ni. Ya kai ƙwai, ya kai kabewa, ya kai tukunyar biki. Sai da ya tokari rufi ya toshe taga, ɗakin ya yi duhu, sannan na ji muryarta daga wani wuri a ƙarƙashinsa.

"Baba, ka yi magana mana."

Na ce, "Goro ya isa."

Ta sace iskar har ya dawo goro. Launin toka ne, irin na tsohuwar hular da aka manta a rana. Na tambaya wa ya zaɓi wannan launi.

"Wani mai sabon ido. Ya ce baƙi na da hayaniya."

Na ce ni baƙin nake so, baƙi ƙirin, irin na tawadar allo. Ta tsoma shi a wata tukunya ta ciro, ta yarfe.

"A ina za a rataye maka?"

"Ina ake ratayewa?"

"Yawanci a ƙeya. Kowa na gani ban da mai shi. Akwai kuma masu so a tsakiyar aiki, su ga tuni sarai su daina ganin abin da suke rubutawa."

Na yi tunani. Na ce a sa mini can ƙasa, inda idona ke sauka da kansa in na rasa abin yi. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ba wanda ya taɓa neman wannan, amma akwai wuri.

Sai ta ce, "Jinkiri nawa?" Da ta ga ban gane ba ta ƙara, "Tsakanin ka danna da ya leƙo. Wasu na so ya fito tun kafin su danna, kamar maƙwabci mai shisshigi. Wasu kuma sai sun yi furfura."

Na ce kamar tsakanin sallama da amsawa a gidan mutunci. Ba a amsa maka tun ba ka rufe baki ba, ba a kuma barinka tsaye kana ƙirga ƙusoshin ƙofa. Ta rubuta, sallama ɗaya.

A jikin tunin akwai wata kibiya mai ƙiba tana kallon sama. Akuyar ta ce, "Wannan a bar ta ko a sauya?"

Na gaya mata gaskiya. Na ce tun lokacin da 'yan tunina ke nan, duk sanda na ga kibiyar nan sai in ɗaga kai in dubi rufi, in ce to, nasu iyawar ta ƙare, daga nan sai Allah.

Ta daina tauna. "Baba, maɓalli ne. Shif sunansa, yana can gefen hagu. Shi ke girmama baƙi."

Na ce to a rubuta sunansa da kalma. Wanda ke girmama baƙi bai kamata a nuna shi da kibiya ba. Ta ce wannan magana ce, ta goge kibiyar da harshe ta rubuta Shif.

Da muka gama ta naɗe takardar da ta cike, ta cusa a baki, ta taune, ta haɗiye. Ta ce, "An adana. Saura suna in buga hatimi."

Na ce, "Ɓoyi."

Ta ce, "To." Ta buga.

Teburin ya ɓace. Tukunyar tawada ta ɓace, tunina mai girman goro ya ɓace, tabarau da gyale suka bi su. Akuyar ta rage tsaye da ƙafa huɗu a tsakar ɗaki kamar kowace akuya.

Na ce, "Ranki ya daɗe, me ya faru?"

"Kai ka ce."

"Ni sunana na faɗa."

"To mu sake."

Muka sake daga farko, goro da tawada da sallama ɗaya da Shif. Ta cinye, ta nemi suna, na faɗa, ta buga. Wannan karon har bencin ya tafi, b da d da k suka zube ƙasa. Ta taga na ga inuwa ta fara karkata gabas. Na kuma hango birona na magatakarda, an ɗaura masa igiya a wuya ana ja kamar ragon da za a kai kara. Mai jan ba mutum ba ne, hannu ne kawai, ya maƙale takardar sakandare a hammata duk da ba shi da hammata. Biron na turjewa yana waiwayena.

A karo na uku ta sake neman suna. Na dubi taga. Na ce a raina, ai ko a gida haka suke kirana yanzu, me ya rage. Na ce, "Boyi."

Ta buga. Ba abin da ya ɓace. Amma na ji iska a tsakar kaina, na kai hannu, babu hula. A ɗaya hannun kuma ga faranti da butar shayi.

Sai ga ni a wani falo babba mai labule. A kan kujerar kushin wani baki na zaune, baki kawai, leɓe da haƙora da harshe, babu fuska babu jiki. Mutane sun yi layi suna wucewa ta gabansa suna rusunawa. "Maraba da baki. Sannu da zuwa, baki." Da ya buɗe sai na ji muryar Alhaji Nomau.

"Boyi, shayi."

Na zuba. Ya kurɓa, shayin ya bi ta baya ya jiƙa kushin, don babu cikin da zai sauka.

"Ƙaro sukari. Wata guda ke nan ana yi mini maraba, kuma ban ga wanda ya zo ba. Ina baƙin da muka gayyata daga Ƙaura?"

Na ce suna nan tafe, hularsu ce ba ta bushe ba.

Ya yi ajiyar zuciya, ban san da me ba. "Ka ga, Boyi, ni ba ƙinka nake yi ba. A ƙungiyar nan kai kaɗai ne in na yi magana kake jina har ƙarshe. In aka ba wani biron, wa zai san na ce wani abu? Amma dubi yadda ka mai da ni. Ko kunne ba ni da shi."

Na ce, "Ai da ma, Alhaji…" Sai na haɗiye sauran. Ko a mafarki shugaba shugaba ne.

"Da ma me?"

"Da ma na san shayin zai yi maka zafi."

Na tsaya riƙe da faranti ina jin iska na yawo a kaina. Shekara arba'in da ɗaya ina wanke hulunan mutane, na alƙali da na mahauci, ba a taɓa ganin tsakar kaina a kasuwa ba. Na ajiye farantin a hankali, don ba nawa ba ne. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Sunana ba Boyi ba ne."

Bakin ya yi shiru. Wannan ne karo na farko da na ga haka, a mafarki ko a farke. Sannan ya ce, "To je ka wurin mai ajiya. Duk abin da aka ɓoye a garin nan yana hannunta. Ɗaga labulen can."

Bayan labulen tsakar gidanmu ne na ƙauye, wanda ya rushe tun kafin a haifi Larai. Ga rumbu, ga turmi, ga bishiyar kuka tana tsaye da saiwoyi a sama. Inna na zaune a kan kifaffen kwando tana tsintar wake a faifai. Shekara ashirin da rasuwarta, amma a nan ko Larai ta girme ta.

'Ya'ya uku Inna ta binne kafin ni. Da aka haife ni, in aka yi sallama sai ta kifa mini kwando ta zauna kusa, ta ce ba kowa a ɗakin. Daga nan sunan ya samo asali. Ita kuwa har ta bar duniya ba ta taɓa kirana da shi ba, ko da wani.

Ta ce, "Kai wannan, ina hularka?"

Na durƙusa na gaishe ta. A nan gwiwoyina ba su nemi tuni ba. Ƙarƙashin kwandon wani abu na kuka, tsiyau-tsiyau, kamar 'yan tsaki.

Na ce, "Inna, mene ne a ciki?"

"Ajiyarka ce. Kai ka aiko a ɓoye."

"Ban aiko ba."

Ta ɗan gusa ta janye zanenta. A jikin kwandon akwai rubutu, kusa da rubutun akwai ɗan akwati, a cikin akwatin akwai maki. Na gane makin. Nawa ne, mai doguwar jela. Haka aka koya mana a aji, in aka miƙo rajista, duk inda ka ga sunanka sai ka sa maki a gefe, a san ka zo.

Na ce, "Ai sunana ne. Na'urar ce ta kira ni na amsa."

"Karanta."

"Inna, ke da ba ki taɓa…"

"Inda nake yanzu kowa ya iya. Karanta, da yatsa, kamar yadda kake yi in ba mai kallonka."

Na ɗora yatsa. Ɓ, da hularsa, karinta daidai. O. Y. Na matsa gaba, inda siririn i ya kamata ya tsaya da ɗigonsa. Wanda na tarar mai tumbi ne. E ne.

Ɓoye.

Sama da shi akwai wata kalma, Nuna, akwatinta wayam.

Inna ta ci gaba da tsintar wakenta. Ta ce, "Ba kiranka ta yi ba, tambayarka ta yi, a nuna ko a ɓoye. Kai kuma mai wankin hula, kana ganin hula ka ce ka gane mutum, ba ka jira ka ga ƙafa ba. Kai da ake yabo da jin magana har ƙarshe. Akuyar ma ba ta da laifi, abin da ka sa hannu a kai take bi."

Na kama jelar makin, amma ban ja ba.

Ta ce, "Me kuma?"

Na ce, "Inna, duk takardar da aka taɓa buga mini da inji, Boyi take cewa. Ta asibiti, ta shago, duka. Nan kaɗai na taɓa ganin inji ya sa mini hula. In na cire makin, shi ke nan, ashe ba ni ba ne."

Ta ajiye faifai a cinya. "Ni na ɓoye ka, kuma ban yi kuskure ba, ga ka nan da furfura har a gira. Amma wadda muke ɓoye ka dominta ta san ƙofar gidanka tun tuni, ranarta kawai take jira. To yanzu wa kake wa ɓuya? Nomau? Shi ɗin, ɗan Kande mai ƙuli? Ka bar jiran inji ya sa maka hula, hannu gare ka. Cire in tashi, ƙafata ta sage. Shekara sittin da uku ina zaune a kan abin nan."

Na ja. Ya fito kamar ƙaya daga dunduniya. Na soka shi a akwatin Nuna.

Inna ta miƙe, kwandon ya tashi sama a hankali ya bi ruwan shanya. 'Yan tsaki suka fito da gudu, baƙaƙe ƙirin, kowanne girman goro, kowanne da rubutu a gadon bayansa, da kalmomi, babu kibiya ko ɗaya. Ba su hau ƙeyata ba. Suka yi layi can ƙasa wajen ƙafafuna, suka jira gwargwadon sallama ɗaya.

Na farko ya ce, "Alti da k."

Alti ma maɓalli ne, ɗan'uwan Shif. Na danna yatsu biyu a kan tabarma. Daga nesa na ji kura ta yi atishawa, sai na ga ƙura ta tashi ta bayan katanga, tana ɗaga mini hannu.

Na biyu ya ce, "Alti da d." Na danna. Wani ya wuce ta ƙofar gida da sauri, da sabuwar hula, yana tambayar ko an riga an shafa fatiha.

Na ukun ya fi su nauyin jiki, bai yi gaggawa ba. Ya zo daidai babban yatsan ƙafata ya tsaya. Ya ce, "Alti, da Shif, da b. Uku ne, Malam, tare."

Na jera yatsu uku, na danna. Wani abu ya sauko a kaina a hankali, ya zauna daidai, da ɗumin guga, karinsa a hagu yadda nake so.

Inna ta dube ni daga ƙasa har sama. Ta gyara karin da yatsa ɗaya. Sai na ga ta haɗa leɓɓanta, ta ja su ciki, na gane abin da za ta yi. Sunana za ta kira. Na tsaya cik, na kasa kunne irin kasawar da ban taɓa yi wa kowa ba.

Ta ce, "Ɓ…"

Ɓur. Ɓur-ɓur. Ɓurrrrr.

Injin markaɗen maƙwabtanmu ne, wanda ake tayarwa da asuba saboda masu ƙosai. Na kwanta ina saurarensa har ya daidaita, ko za a ƙarasa. Wake kawai yake niƙa.

Na yi salla, na jawo kwamfutar, na bi lungun nan da yatsa. Suna nan su biyu, Nuna a sama, Ɓoye a ƙasa, da makina a gefensa. Na ɗaga makin na mai da shi sama. 'Yan tuni suka leƙo kamar ba su taɓa zuwa ko'ina ba. A lungun da ke kusa na tarar da girma da launi da wuri da jinkiri, duk yadda akuyar ta ce, sai dai ba wanda ya cinye takarda. Kafin hantsi na gama rahoton taron. Baƙi sun zo, ƙura ta tashi. A can ƙasa na jera yatsu uku.

Matata Tabawa ta shigo da kwanon koko, ta tsaya tana kallona.

"Malam, lafiya kake wa allo murmushi?"

Na ce, "Hulata na samu."

Ta dubi ƙusar da ke bayan ƙofa, ta dube ni, ta ajiye kokon.

"Ai ga ta can tun jiya, inda ka rataye ta."